Kasuwa da Sarkinta: Nazarin Maƙalar Eric Raymond a kan Jama'ar Buɗaɗɗiyar Manhaja

Cikin watan Mayu na shekara ta 1997, a wani taro na masanan kwamfuta da aka yi a birnin Wurzburg na ƙasar Jamus, wani Ba'amurke mai suna Eric Raymond ya karanta maƙala wadda ya sa wa suna The Cathedral and the Bazaar, watau babbar majami'a da kasuwa. Bayan shekara biyu aka buga ta cikin littafi, haɗe da waɗansu maƙaloli nasa. Tun daga sa'an nan, duk mai son bayyana yadda dubban mutanen da ba su taɓa haɗa ido ba su ke taruwa su rubuta manhaja guda, su bayar da ita kyauta, sai ya ari misalin nan na kasuwa. Nufin wannan takarda shi ne a ɗauki misalin a auna shi da kasuwa ta gaske, irin wadda ke ci a Shinkafi ran Alhamis, a ga ko ya cika mudu. Abin ya cancanci a kula da shi, gama ɗaliban makarantun fasaha na wannan ƙasa, har da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, ana yi musu albishir cewa ƙofar wannan kasuwa a buɗe ta ke ga kowa, ba a kuwa gaya musu wanda ke raba rumfuna a cikinta.

Ya kamata a fara share fage domin malaman da kwamfuta ba fanninsu ba ce. Manhaja umarni ce da aka rubuta domin na'ura ta bi. Tana da siffa biyu: akwai rubutun asali, wanda mutum ke iya karantawa ya gyara, akwai kuma siffar da aka juya shi zuwa gare ta domin na'ura kaɗai. Kamfanoni sun saba su sayar da ta biyun su ɓoye na farin, kamar mai magani da ke sayar da gari a ƙunshe, ba ya faɗin saiwar da ya daka. Richard Stallman ya yi wa wannan al'ada tawaye cikin 1983, sa'ad da ya kafa aikin GNU, kuma cikin 1989 ya fitar da lasisin GPL, wanda ya halatta wa kowa ya karanta rubutun asali, ya kwafa, ya sauya, ya rarraba, bisa sharaɗin cewa wanda ya rarraba abin da ya sauya tilas ne ya ba waɗansu irin damar da aka ba shi. Cikin 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya soma rubuta Linux, ya kuma sa shi ƙarƙashin wannan lasisi ba da jimawa ba. Irin wannan ita a ke kira buɗaɗɗiyar manhaja.

Raymond ya ce da can ya ɗauka manhaja babba ba ta ginuwa sai a hannun gwani guda, ko 'yan gwanaye kaɗan, waɗanda za su keɓe kansu, ba su nuna aiki sai ya kammala. Wannan ita ce majami'arsa. Bahaushe zai fi saurin ganewa in an tuna masa da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu: ma'aikata da yawa, tsari kuwa a kan mutum ɗaya ya ke. Sai ga Linux ya zo ya rushe masa wannan zato. Torvalds yana fitar da aiki tun yana ɗanye, yana fitarwa a kai a kai, yana karɓar gyara daga duk wanda ya aiko, abin kuwa bai wargaje ba, sai ƙarfi ya ke ƙarawa. Domin ya gwada ko dabarar na koyuwa, Raymond ya karɓi wata ƙaramar manhajar ɗauko wasiƙu mai suna popclient daga hannun mai ita, Carl Harris, cikin 1996, ya bi da ita ta hanyar Torvalds, har ta zama fetchmail. Daga wannan gwaji ya tsamo darussa 19. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne cewa in masu dubawa sun yawaita, kowane kuskure zai zama mai sauƙi a idon wani daga cikinsu.

Ba a hana maƙalar haƙƙinta. Labarin fetchmail shi ne ƙashin bayanta, an kuwa ba da shi da gaskiya irin ta mai sana'a, wanda ba ya jin kunyar faɗin inda ya ɓata da inda wani ya nuna masa hanya. Ta yi aiki a duniya kuma: cikin Janairu 1998 kamfanin Netscape ya sanar zai buɗe rubutun asali na manhajarsa ta shiga intanet, shugabanninsa kuma sun ambaci wannan maƙala cikin abubuwan da suka ƙarfafa musu gwiwa. Maƙaloli kaɗan ne ke iya yin irin wannan alfahari.

Aibin yana ga rabin sunan na biyu. Duk tsawon maƙalar, abin da Raymond ya gani a kasuwa bai wuce hayaniya ba, da mutane masu buƙatu iri iri, da mamakin yadda tsari ke fitowa daga cikin ruɗani. Wannan kallon baƙo ne, baƙo kuwa, in ji Hausawa, makaho ne ko da yana da ido. Wanda ya sauka daga mota a Shinkafi da hantsin Alhamis zai ga ƙura, da dabbobi, da buhunan hatsi, da fatake daga Sakkwato da Jamhuriyar Nijar, ya ce ba mai mulkin wurin. Ɗan gari ya san ba haka ba ne. Babbar kasuwar ƙasar Hausa tana da Sarkin Kasuwa, wanda ke ƙarƙashin sarautar gari. Mahauta suna da Sarkin Pawa, dillalai suna da nasu sarkin, ma'auna suna da mai tsawata musu a kan mudu da tiya. Kowace sana'a da layinta, kowace rumfa da mai ita, wata ma tun kakanni. M. G. Smith ya bayyana waɗannan muƙamai cikin 1962, a nazarinsa na ciniki da kasuwannin Hausawa, littattafan fiƙihu kuma tun dā sun yi babi a kan muhtasibi, mai duba ma'auni da hana algus. Shiga kasuwa kyauta ne. Kafa rumfa a cikinta, ko tsayawa a kara da sunan dillali, wannan wata magana ce dabam, sai da iznin waɗanda aka tarar.

Har wa yau akwai wani abin dariya cikin zaɓen misalin. Clifford Geertz, wanda ya yi nazarin kasuwar Sefrou a ƙasar Maroko, ya nuna cikin 1978 cewa babbar alamar irin wannan kasuwa ita ce ƙarancin labari: mai saye bai san ainihin kaya ba, bai san ainihin farashi ba, domin haka kowa ya kan liƙe wa abokin ciniki guda wanda ya gwada ya yarda da shi. Ashe Raymond ya ari wurin da aka fi ɓoye sirri a cikinsa domin ya kwatanta aikin da ba a ɓoye kome. Da gayya ya sani, da ta fi dacewa da nufinsa, tun da ya ke a gayya ne mutane ke haɗa hannu a kan gona guda ba domin lada ba. Amma ko gayyar tana da mai gayya, wanda ya yi kira, ya nuna kunyar da za a fara, ya kuma ciyar.

Muƙamin da ya fi kowane amfani ga wannan bincike shi ne na fatoma, ko mai gida. Baƙon da ya kawo shanu ba ya shiga kara kai tsaye. Ya kan sauka a gidan wanda aka sani, shi ne zai haɗa shi da dillali, shi ne kuma za a nema in dabbar ta fito ta sata. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya rataya gaba ɗaya a wuyan masu gida. Mahaucin Bayarabe ya kan ɗauki sa bashi, falken da ya kawo san bai san shi ba, amma ya yarda, domin mai gidansa ya tsaya: in mahauci ya gudu, mai gida ne zai biya. La'adar da a ke ba dillali kuɗin sani ne, sanin wanda ke cika alkawari da wanda ba ya cikawa. Inda ba kotu mai saurin hukunci, ba takardar banki, mutum ne ke zama jingina a madadin mutum.

Raymond ba wawa ba ne, ya kuwa lura cewa kasuwarsa ba ta rasa masu iko ba. Ko cikin maƙalar farko ya yarda cewa ba a soma aiki a kasuwa, sai wani ya kawo abin da ya ɗan tsaya da ƙafarsa, kuma tilas a sami jagora mai iya zama da mutane, mai gane shawara ta ƙwarai in ta zo daga wani. Cikin 1998 ya ƙara wata maƙala, Homesteading the Noosphere, inda ya bayyana cewa kowace manhaja tana da mai ita a bisa al'ada, ko da ya ke lasisi bai ce haka ba. Ya ce hanya uku a ke mallaka: mutum ya kafa aikin da kansa, ko mai shi ya miƙa masa, ko ya tarar an yi watsi da shi, ya yi cigiya a bainar jama'a, ba wanda ya fito, sa'an nan ya ɗauka. Ya danganta wannan ga ra'ayin John Locke a kan mallakar ƙasa. Manomin Zurmi ba ya buƙatar Locke, gama ya san saran daji, ya san gado da kyauta, ya san hukuncin saurar da aka daɗe ba a noma ba. Sai dai manomin ya san abu na huɗu wanda Raymond ya tsallake, watau ba a saran daji sai mai gari ya nuna wuri. Maƙalar ta yi bayanin mai gona guda da 'yan taimakonsa. Da ta zo kan ayyukan da suka girma har suka zama gari, waɗanda kwamiti ke mulki da ƙuri'a, sai ta ambace su a gurguje, ta ce yawanci ana ganinsu tsari ne mai wuya, marar tabbas.

Tarihi bai goyi bayan wannan gurguje ba. A duba Debian, wanda Ian Murdock ya kafa cikin 1993 domin a tara dubban manhajoji a ɗinke su su zama tsari guda. Wata biyu bayan taron Wurzburg, cikin Yuli 1997, mutanen Debian suka rubuta takardar alkawari tsakaninsu da jama'a. Cikin Disamba 1998 suka amince da tsarin mulki rubutacce: shugaba wanda a ke zaɓa shekara shekara, da sakatare mai gudanar da zaɓe, da kwamitin fasaha mai yanke hukunci in gwanaye biyu sun saɓa, da babban taro na 'yan ƙungiya wanda ke iya warware hukuncin shugaba da na kwamiti. Ƙuri'arsu ma ba ta ɗaga hannu ba ce, kowa jera zaɓinsa ya ke yi daga na fari zuwa na ƙarshe. Sa'an nan cikin 1999 suka yi abin da maƙalar kasuwa ba ta tanadi kalmar faɗinsa ba: suka rufe ƙofar ɗaukar sababbin 'yan ƙungiya, domin tsofaffin sun ga ana shigowa da yawa ba tare da sanin aƙidar aikin ba. Da aka sake buɗewa cikin 2000, an buɗe ne da sharuɗɗa. Mai nema sai ya sami ɗan ƙungiya wanda zai tsaya masa, sai a gwada saninsa na aƙida da ƙa'idodi, sai a gwada hannunsa a aiki, kana a tabbatar da ko shi wane ne. Hanyar tabbatarwar ita ce abin lura. Kowane ma'aikaci yana da hatimi na lissafi wanda ya ke buga wa aikinsa, ba a kuwa karɓar hatimin sai waɗansu 'yan ƙungiya sun shaide shi, a bisa al'ada bayan sun haɗu da mai shi ido da ido sun duba takardar shaidarsa. Fatoma ke nan, ba ragi ba ƙari.

A nan ne ɗalibin Ƙaura Namoda zai ji ƙaya ta soke shi. Lasisi ya ba shi kome: ya kwafa, ya karanta, ya gyara. Amma 'yan Debian masu ƙuri'a, waɗanda yawansu bai wuce kimanin dubu ɗaya ba, mafi yawansu a Turai da Amurka su ke zaune. Muddin shaida ta tsaya a kan haɗuwa ido da ido, wanda ba shi da kuɗin jirgi da biza ya tsaya a bakin kara yana kallo. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Dole a faɗi alherin Debian a nan, domin ya gyara abu biyu, kuma ya iya gyarawa ne saboda dokarsa a rubuce ta ke, ana iya nuna ta da yatsa a yi gardama a kanta. Cikin 2010 babban taro ya yanke cewa masu fassara da masu rubuta littattafan jagora da sauran waɗanda ba su haɗa manhaja su ma suna iya zama cikakkun 'yan ƙungiya. Cikin 2020, sa'ad da annoba ta hana tafiye-tafiye, aka yarda ɗan ƙungiya ya shaidi hatimin wanda ya daɗe yana aiki da shi daga nesa. Ƙofa ta ƙara faɗi, mai tsaronta dai yana nan.

Mulki rubutacce bai hana ɓacin rai ba. Cikin Fabrairu 2014 kwamitin fasaha na Debian ya rabu huɗu da huɗu a kan wace manhaja ce za ta riƙa tayar da na'ura in an kunna ta, shugaban kwamiti ya raba gardama da ƙuri'arsa, ya zaɓi systemd. Kafin shekara ta ƙare waɗansu 'yan kwamitin sun ajiye muƙami, wani tsohon gwani kuma ya bar aikin ɗungum. Duk da haka garin bai watse ba. Gidauniyar Apache, wadda aka kafa cikin 1999, ta bi hanya mai kama da wannan: mai aiko da gyara, in an daɗe ana ganin aikinsa, a ba shi ikon shigar da gyara da hannunsa, daga nan a sa shi cikin kwamitin aikin, daga nan, in 'yan gidauniya sun gabatar da sunansa sun zaɓe shi, ya zama ɗaya daga cikinsu. Suna kiran wannan mulkin cancanta. Amma cancanta ba ta auna kanta, waɗanda aka tarar ne ke riƙe da mudun.

Tsarin da Raymond ya fi amincewa da shi, watau sarki guda mai adalci, shi ne ya nuna rauninsa a Python. Guido van Rossum, wanda ya ƙago wannan harshe na rubuta manhaja, ya shekara kusan talatin maganarsa ce ta ƙarshe. Ran 12 ga Yuli 2018, bayan wata doguwar gardama a kan ƙaramin sauyi cikin nahawun harshen, ya ce ya gaji, ya sauka, bai kuwa naɗa magaji ba. Jama'arsa suka wayi gari ba su da dokar naɗi, ba su da masu zaɓen sarki. Watanni suka yi suna shawara kafin su tsai da majalisa ta mutum biyar, wadda manyan ma'aikata ke zaɓa, aka yi zaɓen farko a farkon 2019. Duk wanda ya karanta tarihin sarautun ƙasar Hausa ya san cewa ranar da sarki ya kau ita ce ranar da a ke gane ko gari yana da tsari.

Kada mai karatu ya zaci tsaron ƙofa zalunci ne kawai. Darasin nan na yawan idanu ya sha ƙasa fiye da sau ɗaya. Kuskuren da aka kira Heartbleed ya zauna shekara biyu cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin babban kaso na intanet, kafin a gano shi cikin Afrilu 2014, domin masu amfani da ita miliyoyi ne, masu duba ta kuwa ba su cika tafin hannu ba. Abin da ya faru ga xz ya fi wannan muni. Ita ƙaramar manhaja ce ta matse bayanai, tana cikin kusan kowace na'ura mai Linux, mutum guda ne ke riƙe da ita, ba albashi, ga gajiya. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya bayyana cikin 2021, ya yi ta aiko da gyare-gyare masu kyau, waɗansu sunaye kuma suka yi ta matsa wa mai riƙon lamba cewa aiki ya yi masa yawa, ya nemi mataimaki. Ya ba shi amana. Cikin farkon 2024 baƙon ya dasa ɓoyayyar ƙofa wadda da ta ba shi ikon kutsawa cikin na'urori ba iyaka. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya tona asirin a ƙarshen Maris na shekarar, ba domin yana binciken xz ba, sai domin ya lura shiga wata na'ura tana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ta saba. Ido ɗaya ne, bisa katari. Baƙo ya shigo kara da san sata, ba wanda ya tambayi gidan da ya sauka.

Akwai kuma iko biyu da ke bisa kan Sarkin Kasuwa, maƙalar kuwa ba ta hango ko ɗaya ba. Na farko shi ne mai jari. Sa'ad da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda cikin 1929, kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da auduga ba su tuɓe wani sarki ba, kuɗi kawai suka ba wakilansu, ciniki ya karkata inda kuɗin ya ke. Haka nan yau mafi yawan gyare-gyaren da ke shiga Linux ma'aikatan kamfanoni ne ke rubuta su a bakin albashinsu. Microsoft ya sayi GitHub, dandalin da yawancin waɗannan ayyuka ke ajiye rubutunsu, a kan dala biliyan 7.5 cikin 2018, IBM kuma ya sayi Red Hat a kan dala biliyan 34 cikin 2019. Wanda a ke biya domin ya yini a kan aiki, cancantarsa za ta riga ta malamin makaranta bayyana, wanda sai dare ya ke samun sa'a guda, in an kawo wuta. Na biyu shi ne hukuma. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Jihar Zamfara ta dakatar da kasuwannin mako saboda 'yan bindiga, a farkon Satumba kuma aka katse layukan waya a jihar, aka yi makonni ba su dawo ba. A ran nan kasuwar Shinkafi da kasuwar Raymond duka biyu sun rufe ga mutumin wannan yanki. Cikin Oktoba 2024 aka cire sunayen waɗansu masu riƙon sassan Linux, masu alaƙa da ƙasar Rasha, daga jerin masu riƙo, domin bin dokokin takunkumi. Ba a ce aikinsu ya ɓaci ba.

Wuri guda ne jama'ar manhaja ta fi kasuwa 'yanci, Raymond kuwa ya gan shi. Wanda bai gamsu da mulki ba yana da ikon ya kwafi aikin duka ya kafa nasa. Haka masu OpenOffice suka yi cikin 2010, bayan Oracle ya sayi kamfanin Sun, suka ɓalle suka kafa LibreOffice da gidauniyarsu. Tsohon maganin talaka ke nan a kan mugun hakimi, watau ƙaura, sai dai mai ƙaura ya kan bar gonarsa a baya, wannan kuwa da gonar ya ke tafiya. Amma ba ya tafiya da suna, ba ya tafiya da masu saye sai sun ga dama. Kafa rumfuna dabam, cin kasuwa dabam. Mutum guda a Zurmi yana da wannan iko a takarda daidai da na babban kamfani, ba shi da jama'ar da za su bi shi.

Abin da ya fi shafar masu nazarin Hausa yana nan tafe. Cikin 2021 Hausa ta shiga taskar Common Voice ta gidauniyar Mozilla, inda 'yan sa kai ke karanta jimloli a naɗi muryarsu, a tara a bayar kyauta ga duk mai son koya wa na'ura jin magana. Ƙa'idar tantancewa mai sauƙi ce: waɗansu 'yan sa kai za su saurari abin da aka naɗa, in biyu sun ce ya dace da rubutu a karɓa, in biyu sun ce bai dace ba a ajiye shi gefe. An gargaɗi masu saurare su yi haƙuri da bambancin lafazi, amma su ƙi karatun da ya sauya kalma. To, mutumin Shinkafi da ya ga biyar a rubuce, harshensa ya ce biyat, ko ya ga fari ya ce hwari, lafazi ya bambanta ko kalma ya sauya? Amsar tana hannun mutum biyu waɗanda ba a san sunansu ba, ba a san garinsu ba. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa cikin 1955 ta yi irin wannan hukunci a kan rubutu da kalmomin aro, daidaitacciyar Hausa kuma ta jingina ga karin Kano, amma ita a zamaninta hukuma ce mai ofis, ana iya rubuta mata takardar ƙorafi, ana iya sanin wanda ya zauna a kujerarta. A sabon tsarin ba Sarkin Awo da za a kai wa ƙara in mudu ya yi ƙwauro. Na'urar da za a koyar da waɗannan muryoyi za ta ji Hausar da masu saurare suka bari ta wuce, ita ce kuma za ta amsa, ko ta yi shiru, ran da wani manomi a Zurmi ya tambayi wayarsa kuɗin gero tiya biyat.